Dam ɗin Galma da Ruwan Zariya: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da magidanta, 'yan lambu da masunta suke yawan maimaitawa a kan ruwan da ke zuwa Zariya da gonakin kewayenta. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu buƙatar lissafi.

Daga ina ruwan famfon Zariya yake fitowa?

Daga kogin Galma, wanda ke ratsa gabashin gari kafin ya je ya haɗu da kogin Kaduna. Tsohon gidan ruwa na 1939 an yi shi ne don tace lita miliyan 10 a rana. A 1975 aka gina dam ɗin Zariya, wanda aka fi sani da Shika Dam, tare da matatar lita miliyan 50. Gari ya bunƙasa ya bar su a baya, don haka aka ba da aikin sabuwar matata mai lita miliyan 150 a rana a zamanin gwamna Namadi Sambo, gwamna Nasir El-Rufai ya buɗe ta a 2017.

Jami'ar Ahmadu Bello tana da nata ƙaramin dam a kan kogin Kubanni, a Samaru. Ruwansa na jami'a ne, ba ya cikin layin gari.

Ina Dam ɗin Galma yake, kuma mene ne girmansa?

Yana Kuzuntu, ƙaramar hukumar Kubau, can saman kogin. Gwamnatin tarayya ce ta gina shi, an tsara ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 186. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 masu lita 25. Ruwan da aka saki daga Kuzuntu yana bin kwarin kogin ne har ya iso dam ɗin Zariya, daga nan injina su ɗaga shi zuwa matata. Manufar aikin ba Zariya da Sabon Gari kaɗai ba ce. An tsara ruwan ya kai ƙananan hukumomi irin su Giwa, Kudan, Makarfi da Soba, sannan ga noman rani.

Ƙasar Zazzau na samun ruwan sama sosai. Me ya kawo buƙatar babban dam?

Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, amma kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka, ya fi ƙarfi a Agusta. Daga Nuwamba zuwa Afrilu sai dai abin da aka ajiye. Dam rumbu ne: ana cika shi da damina, ana ɗiba da rani. Tsohon dam ɗin Zariya an tsara shi a kan kubik mita miliyan 16 ko ƙasa da haka kaɗan. Matatar da ke shan lita miliyan 150 kullum za ta ƙarar da wannan cikin wata uku da rabi, ko da babu laka a ciki, babu rana mai ƙona shi. Rani kuwa wata shida ne zuwa bakwai. Wannan giɓin Galma ya zo cikewa.

Masu cewa a bar dam a koma rijiyoyin burtsatse sukan kawo karin maganar nan, akwai ruwa a ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A Zariya wanda ya tona ma yakan tarar da fa. Ƙarƙashin garin dutse ne, irin wanda ya fito fili a Kufena, ruwa kuma yana zama ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da cikin tsagogi kawai. Shi ya sa za a haƙa a wannan gida a dace, a haƙa a na kusa da shi a tashi a tutar babu. Burtsatse na iya riƙe gida ko masallaci, ba ta riƙe birni.

Waɗanne sassa ne a jikin dam?

Yawancin dam-dam na Arewa da ƙasa ake gina su. A tsakiyar ganuwar akwai yumɓu da aka danne sosai don hana ruwa ratsawa, gefe da gefe ƙasa da tsakuwa, fuskar da ke kallon ruwa kuma an jera mata manyan duwatsu saboda dukan igiyar ruwa. A gindin bayan ganuwar akwai magudanar tsakuwa da ke tattara ɗan ruwan da ya tsatso. Sai mazubar rara, wato faffaɗar hanyar kankare da ruwa ke bi idan dam ya cika, da kuma ƙofofin da ake buɗewa da gangan don sakin ruwa zuwa kogi. Amfanin sanin waɗannan zai bayyana a amsar da ke magana a kan fashewar dam.

Yaya ake mayar da jan ruwan Galma ya zama na sha?

Da farko ɗanyen ruwa na ratsa ragar ƙarfe da ke tare itace, leda da ciyawa. Sai a zuba masa alif a gauraya da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan a riƙa juya shi a hankali har ƙananan ƙwayoyin laka su manne da juna su yi gudaji. Alif na sa ruwa tsami, don haka ake ƙara farar ƙasa irin ta masana'anta ta daidaita shi. Idan ba a yi ba, gudajin ba sa haɗuwa da kyau, ruwan kuma ya riƙa cin bututun ƙarfe. Daga nan ruwan ya shiga manyan kwatamai ya yi sa'o'i yana tafiya sannu, lakar ta kwanta a ƙasa, a kwashe na sama.

Mataki na gaba shi ne matacin yashi, inda ruwa ke ratsa yashi da tsakuwa daga sama zuwa ƙasa. Yashin na toshewa, sai an riƙa wanke shi ta hanyar turo ruwa da iska daga ƙasa, galibi kowace rana ko bayan kwana biyu. A ƙarshe a sa kulorin, a bar shi aƙalla minti 30 ya kashe ƙwayoyin cuta, kafin manyan injina su tura ruwan zuwa tankunan da ke kan tudu.

Adadin alif ba ɗaya ba ne duk shekara. Ruwan farkon damina, wanda ya kwaso ƙurar rani da ƙasar gonakin da aka yi wa huɗa, yana cin magani fiye da na watan Janairu. Dole ɗakin gwaji ya riƙa auna shi kullum. Matatar da maganinta ya ƙare gara ta tsaya da ta turo ruwan da ba a tace ba, kuma wannan na daga cikin dalilan ɗaukewar ruwa da mutanen gari ba sa gani.

Ga dam cike, ga sabuwar matata, me ya sa famfonmu a bushe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, amsarta kuma ba a Kuzuntu take ba. Tsakanin dam da famfon gida akwai matakai da dama, kowanne ya tsaya, ruwa ya tsaya. Na farko wutar lantarki. Ana ɗaga ruwan sau biyu aƙalla, daga kogi zuwa matata, daga matata zuwa tankuna, wasu unguwanni ma sai an ƙara turawa a hanya. Injinan manya ne, ba sa tashi da wuta mai rauni, riƙe su da gas kuma kuɗi ne mai yawa. Sannan idan wuta ta dawo ba nan take ruwa ke isowa ba: sai babban bututu ya sake cika, an fitar da iskar da ta shiga, tanki ya hau zuwa wani mataki. Ɗaukewar wuta ta sa'a uku na iya zama rashin ruwan yini guda a ƙarshen layi.

Na biyu bututun cikin gari. Wasu layukan a Birni, Tudun Wada da Sabon Gari sun tsufa, an kuma shimfiɗa su ne lokacin da gidaje ba su kai haka ba. Tsohon bututu da aka turo wa ruwa da sabon ƙarfi fashewa yake yi. Aikin titi da na magudana na yanke wasu. Ga masu huda layi su ja ruwa ba bisa ƙa'ida ba, mafi yawansu da haɗi mai yoyo. Duk ramin da ke zubar da ruwa a hanya yana rage ƙarfin da zai kai shi gaba. Sababbin unguwannin bayan gari kuwa da yawansu babu layin ma tukuna, sai a ji mutum na kukan famfo alhali bututu bai taɓa zuwa titinsu ba.

Na uku kuɗi. Alif, kulorin, wuta, kayan gyara da albashi duk kullum ake kashe musu. Idan ruwa ba ya zuwa mutane su ƙi biya, idan ba a biya ba a rasa na magani da gyara, ruwa ya ƙara raguwa. Gina dam da matata ana yin sa sau ɗaya a yanke kyalle. Tafiyar da su ne ba ya ɗaukar hoto, shi ne kuma yake yanke hukuncin ko za a ga ruwa.

Maƙwabcina na samun ruwa, ni ba na samu, alhali layinmu ɗaya. Ina matsalar?

A fara duba tudu. Ruwa na cika wurare masu gangare kafin ya hau, kuma idan ƙarfinsa ya yi ƙasa, bambancin mita biyu ko uku ya isa ya raba gida da gida. A gwada famfo mafi ƙasa a gidan, kusa da inda bututu ya shigo. Idan yana zuwa a nan amma ba ya hawa tanki, rashin ƙarfi ne. Maganinsa tankin ƙasa, sannan a tura sama da ƙaramin inji. Idan ba ya zuwa ko a nan, a duba makunnin da ke bakin layi, ragar mita, da tsohon bututun ƙarfe mai rabin inci wanda tsatsa ke cike cikinsa.

Akwai kuma masu haɗa inji kai tsaye a jikin layi suna tsotsa. Wannan na janye rabon gidajen da ke gaba, ya kuma jawo ƙazanta cikin bututu kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana. Game da girman tanki: gida mai mutum 10, a kan lita 50 kowane mutum, yana shan lita 500 a rana, don haka tankin lita 2,000 kwana huɗu zai yi.

Ruwan yakan zo ja ko da warin magani. Ana iya sha?

Ɗan warin kulorin alama ce mai kyau. Ana so ya rage a ruwa tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a kowace lita lokacin da ya iso gida, don ya ci gaba da tsaron ruwan a hanya. Wanda warin ya dama ya zuba a mazubi mai tsabta ya bar shi 'yan sa'o'i.

Jan ruwa ko mai warin kwata wani abu ne daban. Bututun da babu ruwa a ciki yana zuƙo abin da ke kewaye da shi ta kowace huda, kuma layukan gidaje da yawa a cikin kwata suke kwance. Ruwan farko bayan an daɗe ba a kawo ba shi ya fi haɗari: a bar shi ya zuba a bokiti don wanki ko ban-ruwan shuka har sai ya washe. Idan ana fama da amai da gudawa a gari, ko akwai jariri a gida, a tafasa na sha har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Alif na gida yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Tanki kuma a wanke shi duk wata shida, a rufe bakinsa.

Noman rani ba zai cinye ruwan gari ba?

A yi lissafi. Matatar lita miliyan 150, idan tana aiki da cikakken ƙarfinta kullum, tana buƙatar kimanin kubik mita miliyan 55 a shekara, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tsara wa Galma. Amma ba duk ragowar ake iya amfani da shi ba. Akwai ruwan gindi da ke ƙasa da ƙofofi, wanda ba ya fita. Akwai abin da rana da iskar hunturu ke ɗauka: idan milimita 6 ke tashi a rana, kowace murabba'in kilomita ta fuskar dam na asarar lita miliyan 6 kullum. Akwai wanda yashin kogi ke sha a hanya, da wanda dole a bari ya wuce saboda garuruwan da ke ƙasa.

Duk da haka akwai rabon noma mai yawa. Haɗarin yana watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, dam ya ja baya, ɗaruruwan injina kuma suna tsotsa daga kogin da ke ɗauke da ruwan matata. A tsarin raba ruwa na sha ne ke gaba. Manomin da ya dasa tumatir a Oktoba ko Nuwamba ya gama ɗiba kafin wannan matsi. Wanda ya makara ya haɗa wa kansa ƙarancin ruwa da zafin da ke zubar da fure.

Ruwa nawa hekta ɗaya take sha, kuma inji mai inci uku zai isa?

Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya kubik mita 10 ce. Tumatir na buƙatar milimita 400 zuwa 600 daga dashe zuwa ƙarshen ɗiba, albasa 350 zuwa 550, alkama 450 zuwa 650, masara 500 zuwa 800. Rake, wanda Makarfi da Kudan suka shahara da shi, yana kaiwa 1,500 zuwa 2,500 saboda daɗewarsa a gona. Wannan abin da shukar kanta ke sha ne. A ban-ruwan fangali da hanyoyin ƙasa kusan rabi na salwanta, don haka hektar tumatir na iya jan kubik mita 10,000 daga kogi.

Inji mai inci uku an rubuta masa kusan lita 1,000 a minti, amma da tudu da doguwar tiyo yakan dawo kubik mita 30 zuwa 40 a sa'a. Idan shuka na shan milimita 6 a rana, ana ban-ruwa duk kwana huɗu, hekta na buƙatar kubik mita 240, da asara a ce 400. Wato sa'a 10 zuwa 13 na aikin inji. Kura-kuran da suka fi cin mai: ajiye inji nesa da ruwa (ba ya tsotso daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, gara a sauko da shi ya tura), tiyon tsotsa mai shan iska, rashin raga a bakinsa, da fangalin da ba a daidaita ba, wanda gefe ɗaya ke nutsewa ɗayan na ƙishi. Yawan ruwa kuma yana ruɓar da saiwa, ya wanke taki, a wasu fadamu ya taso da kanwa.

Me ya sa ake hana noma dab da bakin dam?

Saboda laka da guba. Ƙasar da aka kafce a bakin ruwa, ruwan sama na farko zai kwashe ta zuwa cikin dam. Takin zamani da ya gangara yana haifar da gansakuka da kacala, waɗanda ke toshe ragar matata su ɓata ɗanɗanon ruwa. Maganin feshi ya fi muni, domin alif da yashi ba a yi su don cire shi ba. Wanke tankin feshi a kogi ko jefa kwalbar magani a ciki zuba wa mutanen gari ne a randa. Barin zirin ciyawa da bishiyoyi tsakanin gona da ruwa yana tare kaso mai yawa na wannan.

Ba za a iya yashe lakar ba?

Ana iya yi, amma da tsada ƙwarai, kuma sai an samu inda za a zubar da ita. A ƙananan dam-dam irin na Kubanni, wanda masu binciken jami'a suka daɗe suna auna yadda zurfinsa ke raguwa, yasa na da ma'ana. A babban dam ya fi sauƙi a hana lakar zuwa: dasa itatuwa a saman kogi, yin kunya a gicciyen gangare, toshe zaizayar ƙasa tun tana ƙarama. Abin da ke yaudarar ido shi ne dam mai laka yana cika da wuri, har ya yi ta zubar da rara a Agusta, a ɗauka ruwa ya wadata, sai bazara ta tona asiri.

Dam zai iya fashewa? Waɗanne alamu ake dubawa?

Yana iya yi. Na Bagauda a Kano ya ɓalle a 1988, na Alau kuma ya jawo ambaliyar Maiduguri a Satumbar 2024. Dam ɗin ƙasa na lalacewa ta hanya biyu. Ko ruwa ya haura kan ganuwar saboda mazubar rara ta toshe ko ta gaza, ya zaizaye ta cikin sa'o'i. Ko ruwa ya samu kafa ta ciki ya riƙa fitar da ƙasa a hankali har ramin ya faɗaɗa.

Ɗan tsatson ruwa garau a magudanar gindin ganuwa ba abin tsoro ba ne, don shi aka yi ta. Abin da ke buƙatar rahoton gaggawa: tsatson da ya koma ja ko ya ƙaru farat ɗaya, sabon wuri mai danshi a jikin ganuwar, tsagewa ko lotsawa a samanta, ramukan gara da na ɓeraye, da bishiyoyin da suka girma a kanta. Kwasar duwatsun fuskar dam don gini, ko ɗibar yashi a gindinsa, raunana shi ne kai tsaye.

Idan ruwa ya ci gonakin bakin kogi a Agusta, sakin dam ne?

Ba kullum ba. Dam da ke da sauran wuri rage ambaliya yake yi. Idan ya cika, duk abin da ya shigo zai wuce ta mazubar rara ko ba a taɓa ƙofa ba, ga kuma rafukan da ke shiga Galma a ƙasan dam ɗin, waɗanda babu mai iko da su. Masu gona a fadamar Dakace da makamantanta su ɗauki tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba a matsayin lokacin haɗari, su janye injina da tiyo daga gaɓa.

Ana iya wanka, su ko shayar da dabbobi a dam?

Kamun kifi da ƙa'ida ba ya cutar da ruwan sha. Zuba guba don kama kifi da amfani da raga mai ƙananan ido su ne haramtattu. Wanka a gefen da ruwa ke kwance cikin ciyawa yana jawo tsargiya, wadda ke shiga ta fata daga dodon koɗin da ke zaune a wurin. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, maganin na nan kuma yana aiki. Kusa da ƙofofi da bakin injina ruwa na ja ta ƙasa ko da samansa lumui yake, ba wurin iyo ba ne. Dabbobi kuma a ware musu mashaya nesa da ganuwa da inda matata ke ɗibar ruwa.

Wa ke da alhakin me, kuma ina ake kai ƙorafi?

An raba aikin ne tun farko: tarayya ta ɗauki dam, jihar Kaduna ta ɗauki matata, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ba da rancen manyan bututu da tankuna, Bankin Raya Afirka ya ba da na layukan cikin gari. Tace ruwa, raba shi, mita da takardar biya duk suna hannun hukumar ruwa ta jiha, KADSWAC, don haka fashewar bututu, sabon haɗi da gardamar kuɗi ofishinta na yanki ake kai su. Shawarar iri, lokacin dashe da ban-ruwa kuwa akwai malaman gona da cibiyoyin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wato ta binciken aikin gona (IAR) da ta wayar da kan manoma (NAERLS).

Ƙorafin da ya fi saurin samun amsa shi ne na unguwa gaba ɗaya, a rubuce, ta hannun mai unguwa, ɗauke da sunan layi, ranar da ruwa ya ɗauke, gidajen da abin ya shafa, hoton inda ke yoyo idan akwai, da kwafin rasit ɗin biya na baya-bayan nan.